Masu Zaɓen Otal a Iskandariyya

Iskandariyya gari ne mai tsawo, ba shi da faɗi sosai. Ya miƙe a gaɓar Bahar Rum, titin bakin ruwan da suke kira Kurnish ya ɗauko tun daga ganuwar Kaitbay a yamma har gidan sarautar Muntaza a gabas, fiye da kilomita 15. Manyan otal-otal ɗin garin kusan duk a kan wannan layi suke, ruwa ɗaya suke kallo. Sai ka ɗauka zaɓen ba zai yi wuya ba. Ina! Ba mutum kuɗi ka ce ya zaɓi masauki a nan, yanzu za ka san ko shi wane ne.

Akwai mai bin sawun manya. Shi tun a gida ya ji labarin otal ɗin Cecil, wanda aka gina a 1929 a dandalin Sa'ad Zaglul, ya kuma ji cewa Churchill da Ummu Kulsum suna cikin waɗanda ake lissafawa sun sauka a ciki. Yana isa wajen masu karɓar baƙi, kafin ya miƙa fasfo, tambayarsa ita ce wane ɗaki Churchill ya kwana. Tsohon gini yake so, amma da sabuwar na'urar sanyaya ɗaki da intanet mai gudu. Ran farko zai tsaya gaban tsohon lif mai ƙofar ƙarfe ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Rana ta uku za ka same shi a gabansa yana duba agogo yana tsaki.

Wanda ya fi kowa wahalar da kansa shi ne mai taga. Wannan bawan Allah bai damu da gado ba, bai damu da abinci ba, teku kawai yake son gani daga ɗakinsa. Ya haddace cewa ɗakuna iri uku ne: mai fuskantar teku, mai ganin teku ta gefe, da mai kallon gari. Na tsakiyar nan shi ne tarkon. Ganin teku ta gefe yana iya nufin ka fita baranda, ka dafa ƙarfe, ka miƙa wuya ta hagu, sannan ka hango wani ɗan shuɗi tsakanin benaye biyu. Mai taga ba ya yarda a yi masa haka. Zai sa a canza masa ɗaki, a sake canzawa, ma'aikaci yana biye da shi da akwati, har a kai shi inda ruwa ya cika taga fal. Sai dare ya yi ya gano abin da hoton talla bai nuna masa ba: tsakaninsa da tekun akwai Kurnish, kuma direbobin garin da ham suke gaisawa, da shi suke faɗa, da shi suke sallama, har kusan asuba. Sai ya rufe taga, ya ja labule mai kauri, ya kunna talabijin. Kuɗin teku kuwa an riga an rubuta a takarda.

Mai ƙirga taurari ba shi da wannan matsala, domin shi ƙasa ma ba ya takawa. San Stefano ya nufa, inda Four Seasons ya buɗe a 2007 cikin wani dogon bene mai kasuwar zamani a ƙasansa. Ko bakin ruwa zai je, ta hanyar ƙarƙashin titi zai bi ya ɓullo a kan yashi. Garin da Iskandar ya kafa shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa, garin da rundunar Amru ɗan Asi ta karɓa daga hannun Rumawa, mutumin nan zai yi mako a cikinsa ya dawo, ka tambaye shi yaya Iskandariyya, ya ce, "Gari ne mai sanyi, ga tawul masu laushi."

Ɗan'uwansa mai gudun hayaniya can ƙarshen gabas yake tafiya, cikin lambunan Muntaza, inda aka gina otal ɗin Palestine a 1964 don saukar shugabannin Larabawa da suka zo taro. Shiru kam ya samu. Sai dai duk abin da ya zo gani, daga sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 har ganuwar da Sarki Kaitbay ya fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar fitila, yana ɗaya ƙarshen garin. Rabin hutunsa a bayan tasi yake ƙarewa. Ba wanda ya kai shi sanin farashin mota.

Ni dai a cikinsu duka Malam nake so. Shi bai zaɓi komai ba, ɗansa ne ya biya, ya kama masa ɗaki mai fuskantar teku a bene na sama don a faranta wa tsoho. Malam ya shiga, ya dubi gadon da zai ɗauki mutum huɗu, ya ce, "Kai, yaro, ina alƙibla?" To alƙiblar Iskandariyya kudu maso gabas take, teku kuma yana arewa, saboda haka sau biyar a rana Malam yana juya wa abin da aka biya kuɗi dominsa baya. Ɗan ya ce, "Baba, ku ɗan leƙa ruwan mana." Ya leƙa, ya ce masha Allah, ya tambayi nisan masallacin Busiri. Abin da ya kawo shi ke nan: kabarin mai Burda da Hamziyya, waɗanda ya tashi yana ji ana rerawa a zaure, yana nan kusa da masallacin Abul Abbas al-Mursi a unguwar Anfushi. Da sassafe zai fita da carbinsa, ya wuce masunta da kwale-kwalensu, ya yi ziyara, ya zauna da dattawan masallaci ana gwada Larabcin littafi da na kasuwa, ya ci wake da gurasa a rumfa. Abincin otal da aka jera kala-kala, shayi kawai yake sha a ciki. Ƙaramin firjin ɗakin kuwa bai taɓa buɗewa ba, tunda aka gaya masa kuɗin ruwan gora ɗaya.

Mai karin kumallo shi ne kishiyarsa. Da yawan tire yake auna otal, yana sauka tun ana jera faranti, ba ya tashi sai an fara kwashewa, kuma aljihunsa ba ya komawa ɗaki babu ayaba.

Sai mai wayo. Ya binciko cewa da zafi mutanen Alƙahira ke kwararowa su cika garin, farashi ya hau, don haka ya ce shi sai cikin Janairu. Ya samu ɗakin alfarma da rahusa, ya yi ta ba abokai labari. Abin da bai binciko ba shi ne guguwar hunturu da mutanen garin ke kira nawwa, wadda har sunaye da lokuta suka sa mata, mai zuwa da ruwan sama da iska, igiyar ruwa tana tsallako katanga tana wanke titi. Yana tsaye a taga cikin bargo, gajeren wandon iyo yana ninke a akwati, uwargida ta dube shi ta ce, "Alhaji, nawa ka ce mun rage?"