Masu Tuƙi Su Kaɗai, Iri-iri

Wanda ya tuƙa mota shi kaɗai daga Kano zuwa Abuja ba shi da mai ƙaryata shi. Babu ɗan rakiya, babu shaida, sai shi sai sitiyari da kilomita sama da 400. Shi ya sa labarin tafiyarsa yake kumbura kamar ƙullin ƙosai. Na daɗe ina sauraron irin waɗannan mutane a majalisa, har na fara gane su tun daga shirinsu.

Akwai Malam Lissafi. Tafiyar Asabar ce, amma tun Litinin ya kai mota wajen bakanike: a canza baƙin mai, a duba burki, a ƙara wa safaya iska. Yana da takarda a aljihu: tashi ƙarfe 6:00, Kwanar Ɗangora ƙarfe kaza, Kwangila a Zariya ƙarfe kaza, gadar Kawo ƙarfe kaza. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafinsa ya ƙara tsanani, ko na'urar sanyaya mota ba ya kunnawa, wai tana shan mai. Ya tanadi jak, fanbel, galan ɗin ruwa, har da abin kashe gobara don 'yan Road Safety. Abu ɗaya bai shiga takardarsa ba: tirela ta faɗi a Mararrabar Jos. A nan zai yi awa uku yana kallon agogo kamar agogon ne ya ci amanarsa.

Kishiyarsa shi ne Allah-na-nan. Wannan da la'asar yake yanke shawarar tafiya, allurar mai tana kwance. Ka ce masa, "Alhaji, tayar nan ta suɗe," ya ce, "Allah ne ke tsarewa." Gaskiya ne, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna. Abin haushin shi ne yakan isa lafiya, ya wuce Malam Lissafi a gefen titi, har ya yi masa hon.

Sai Guguwa. Karon farko da ya ba mu labari, awa shida ya yi. Bayan wata biyu ta koma biyar. A ɗaurin auren da muka haɗu kwanan nan ta sauko huɗu, "kuma fa na tsaya na yi sallah a Jaji." Idan Allah ya ja kwanansa, zai ga Dutsen Zuma kafin ya bar Na'ibawa.

Wanda na fi so shi ne Sarkin Tsaye-tsaye. Shi bai san hanya da kilomita ba, da ciki ya san ta. A Kura zai taya shinkafa, a Kwanar Gafan ya cika but da tumatir da attaruhu, duk inda ya hango 'yar Fulani da ƙwarya sai ya taka burki. Tafa kuwa wajibi ce, ko da ya ƙoshi. Ka tambaye shi yaya hanya, ba zai ce maka ramuka ko shingen bincike ba, sai ya ce, "Mai balangun nan ya canza hannu." Yakan isa Zuba bayan isha'i, tumatir ya fara zama miya. Amma shi kaɗai ne a cikinsu yake dawowa da labarin da ake iya ci.

Akwai kuma ɗan zamani mai bin Google Maps. Matar da ke cikin waya ta ce ya yi dama, ya yi dama, sai ga shi a gonar rake. Girman kai ba zai bar shi ya tambayi mai faci ba.

Na ƙarshe shi ne wanda ya yi niyyar tafiya shi kaɗai amma bai iya riƙe bakinsa ba. Wannan ni ne. Na taɓa shirya tafiya don in sha iska, in saurari karatu, in yi kasaru a inda na ga dama. Kuskurena na faɗa wa gwaggo. Kafin asuba an kawo buhun gero, jarkar man gyaɗa, ƙullin daddawa da kuka, da zakara ɗaure a kwando. Sai ta ce, "Ɗan nan, ga ƙaninka, ka sauke shi a Kaduna, ai a kan hanyarka ne." Ƙanin nan ya zo da abokinsa, abokin ya zo da katifa. Zakara ya yi cara tun daga Kadawa har Jere.

Ni dai ba ni da damar ƙara gishiri a labarina, shaidu sun yi yawa. Kai kuma da kake shirin tafiya ranar Asabar, kada gwaggo ta ji sai ka wuce Tashar Yari.