Garin Neman Rama

Tela ne ya fara tona mini asiri. Na kai ɗinkin sallah, ya zagaya igiyar awo a cikina, ya duba lamba, ya duba tsohon littafinsa, sai ya ɗaga murya yadda duk shagon zai ji: "Alhaji, yadi biyar ɗin nan fa sai dai a yi gajeren hannu." Yaransa suka sunkuyar da kai a kan keken ɗinki, kafaɗunsu na rawa. Ba a jima ba likita ya ɗora nasa. Ya ce hawan jini bai shigo gidan ba tukuna, amma yana zaure yana kwaɗa sallama. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma tafiya da ɗan sauri ma ta wadatar. Na yi godiya na fito, a raina ina cewa tafiya ai ta masu jego ce da 'yan fansho. Ni da na buga lamba bakwai a ƙungiyar unguwa, zamanin da ake jera silifa a yi raga da su? Gudu zan yi.

Na shiga Ƙofar Wambai na zaɓo takalmin gwanjo mai ruwan lemo. Waya kuma ta kama ƙirga mini taku, kullum sai ta nemi 10,000, in na gaza ta aiko da saƙon jaje. Wannan adadi ba daga ɗakin binciken likitoci ya fito ba. Wani kamfanin Japan ne, Yamasa, ya yi tallar na'urar ƙirga taku da shi a 1965, lokacin da ɗokin gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964 bai saki mutanen ƙasar ba. Tallar da ta girme ni ce ke sa ni zagaya tsakar gida da sha ɗayan dare, uwargida na leƙowa ta taga tana tambayar ko wani abu na yar.

Bayan sallar asuba nake fita wajen filin sukuwa, inda manyan Nasarawa ke kai tumbinsu shan iska. Ciwon jikin farko, wanda ke barin mutum ya yi kuri yau sannan ya kama shi jibi, na cije na wuce shi. Har na fara yi wa mutane wa'azi a majalisa game da illar tuwon dare.

Ranar da abin zai faru ana hunturu, hazo ya lulluɓe titi. Wasu samari 'yan ƙwallo suka zo wuce ni a jere, sai ɗayansu ya waiwayo cikin ladabi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Da zagina ya yi da na yafe masa. Na ƙara wuta. Na wuce na ƙarshensu, na wuce na gabansa, har ina tsara yadda zan ba da labarin da yamma, sai ƙafar dama ta sauka a gefen murfin kwata. Tafin ya murɗe ciki, duk nauyin da tela ya auna ya taru a wajen idon sawu, na ji wani abu ya ce "ɗas", na zauna daɓas. Samarin suka dawo a guje. Nan take na cafke igiyar takalmi na ce ɗaurewa nake yi. Suka tsaya suna kallon mutum yana ɗaure igiyar da take a ɗaure, gumi na tsattsafo masa cikin wannan uban sanyi. Su suka tare ɗan sahu, biyu suka cicciɓe ni, wanda ya kira ni Baba kuma ya riƙo mini waya, tana ta murnar na yi taku 3,000.

Kafin hantsi ƙafa ta yi suntum, idon sawun ya ɓace. Kafin azahar gidana ya cika da likitoci. Gwaggo ta ce ruwan zafi da tsumma, a gasa har sai na yi kuka. Maƙwabci ya ce man kaɗanya. Wani ya aiko da man zafi mai sa hawaye tun daga ƙofar ɗaki. Ƙanen matata, mai karatun jinya, ya ce kada wanda ya kusanci ƙafar da zafi a kwanakin farko, kumburi zai ƙaru. Hutu, ƙanƙara, bandeji, a ɗage ƙafa bisa matashi. Wannan tsari wani likitan Amurka ne, Gabe Mirkin, ya yaɗa shi a 1978, kuma shi da kansa a 2014 ya dawo ya ce ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa, duk da ƙanƙarar na rage zugi. In mai dokar ya yi amai ya lashe, ban ga laifin Gwaggo ba.

Ƙanƙarar ma ina aka gan ta? Wuta ta yi kwanaki ba ta leƙo layinmu ba. Sai aka aika gidan da ke da sola aka sayo ƙullin zoɓo mai ƙanƙara, aka naɗe a ɗankwali aka ɗora mini. Yarana suka jeru a bakin gado, na ɗauka tausayi ne. Ashe jira suke ya narke.

Bayan magariba Kawu ya shigo da mai gyaran targaɗe. Dattijo ne siriri, gado ya yi, ɗan gwangwanin man shanu a aljihu. Ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya shafa man a hankali har na fara lumshe ido, ya yi tofi, ya shiga tambayata kuɗin buhun masara a Dawanau. Ban lura da cewa Kawu da maƙwabci sun dafe kafaɗuna ba. Ina cikin lissafin masara ya kama babban yatsa da diddige ya finciko, ya murɗa. Ihun da na saki ya sa mutanen layi suka fito suna tambayar wa aka rasa. Uwargida ta kwashe yara zuwa ɗakin girki, don dai a rage wa uba ɗan abin da zai yi musu tsawa da shi nan gaba. Dattijon ya goge hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, ta koma." Abin da bai fita ba ya koma. Ba na raina maɗora, akwai masu hannu a cikinsu, amma jijiyar da ta ɗan yage ba ja take nema ba, kuma likitocin ƙashi sun daɗe suna kukan ɗorin da ake tamkewa har jini ya kasa wucewa, a ƙare da yanke hannu ko ƙafa.

Da ƙafar ta koma shuɗiya sai aka kai ni asibiti. Likitar sa'ar autarmu ce. Ta danna gefen ƙasusuwan idon sawu, ta danna wajen ƙaramin yatsa, ta ce, "Baba, za ka iya taku huɗu?" Na yi su, ina ɗingishi ina harararta. Ta ce bisa ƙa'idar da likitocin birnin Otawa na Kanada suka fitar a 1992, wanda ya iya taku huɗu kuma ƙashin bai yi zafi a waɗannan wurare ba, da wuya a ce karaya ce, ba sai an yi hoto ba. Na ce ni dai a yi. Na biya, aka yi. Ƙafar mutum ƙashi 26 gare ta, nawa duk suna nan lafiya lau, har da na ƙauri.

Wallahi sai na ji ba daɗi. Karaya tana da martaba. Mai karaya ana sa masa filasta fari tas, a ba shi sanduna, oga ya zo dubiya da katan ɗin lemo. Mai targaɗe kuwa duk wanda ya ji sai ya ce, "Au, targaɗe ne kawai?" ya kama ba ka labarin nasa da ya warke cikin dare ɗaya. Kana shan azabar manya, ana ba ka jajen yara. Likitar ta ƙara da ƙwace ƙullin haɗin da na sayo a kyamis, ƙwayoyi kala-kala a leda ba suna. Ta tsinto diclofenac da ibuprofen a ciki, ta ce haɗa su na kankare ciki, ya wahalar da ƙoda, ya kuma buɗe wa hawan jinin nan ƙofa.

Sai zaman jinya. Mutum ba ya sanin aikin idon sawu sai ya zo tahiya, ya nemi kafe ƙafar dama ta ƙi. Batun tsugunno a banɗaki kuwa mu bar shi a rufe. A masallaci ladan ya jawo mini farar kujerar roba a gefen sahu, cikin dattawa masu ciwon gwiwa, suka karɓe ni hannu bibbiyu, ɗaya har yana tambayata wace shekara na ajiye aiki. 'Yan dubiya kuma kowa da kwanonsa. Gwaggo ta yanke hukuncin ƙafa ke gyara ƙafa, don haka farfesun ƙafar sa ya zama wajibi safe da yamma. Abokina Bazazzagi ya zo, ya dubi ƙafar, ya dubi kwanon, ya ce, "Bakano da gudu? Ku da ba ku gudu sai an tsere da canjinku. Faɗa mini, wa ya ci maka kuɗi?" Ina da amsa, amma bakina cike yake da bargo. Mutane garin neman ƙiba suke samo rama, ni na juya abin.

Da zugi ya lafa likitar ta ba ni aikin gida. In zauna in rubuta abacada a iska da babban yatsa. In tsaya da ƙafa ɗaya ina dafe da bango, daga baya in saki bangon, daga baya in rufe ido. Ta ce jijiyoyin nan su ke shaida wa ƙwaƙwalwa yadda tafin ƙafa ya sauka, in sun ji rauni saƙon na daburcewa, shi ya sa wanda ya taɓa targaɗe yake yawan maimaitawa. Maganarta gaskiya ce, sai dai ba ta san gidana ba. Yara suka mai da abin gasa, ƙaramar tana gyara mini yadda ake lanƙwasa ƙ, kuma kullum ita ke cinye tsayuwar ƙafa ɗaya tana cin gyaɗa.

Ganin ƙafa ta ƙi, na ce to hannu ai lafiyarsa ƙalau. Na cika galan biyu da ruwa ina ɗagawa a zaune. Kafaɗar hagu ta riƙe, ta hana ni sa riga sai an taimaka. Wannan ban bari Kawu ya ji ba.

Yanzu dai na koma fita, da tafiya, ina bin bayan 'yan fanshon da na raina, wani tsohon soja a cikinsu na jirana a kwana. Takalmin mai ruwan lemo uwargida ta yi sadaka da shi ina kwance. Na hango shi a ƙafar almajirin gidanmu, an aike shi cefane, yana wani irin gudu da takalmin bai taɓa gani ba a wajena. Na dai sanar a majalisa cewa bayan sallah zan koma sassarfa. Da labarin ya isa masallaci, ladan ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, kujerar nan ba za mu mayar da ita sito ba tukuna."