Nawa Suke Biyanka a Can?

Babu tambayar da ke fito da halin mai neman aiki kamar wannan: "Nawa suke biyanka a wurin da ka baro?" Yawancin ƙaryar da ake zubawa a kujerar intabiyu tambayar nan ce ta haife ta, ko da yake hakan bai wanke maƙaryacin ba.

Ga Mai Kumbura. Albashinsa naira dubu 90 ne, amma kafin ya buɗe baki ya tara kuɗin mota, kuɗin kati, rabin buhun shinkafar azumi, har da shayin da ake ba su da safe, sai ya ce dubu 250, "ban da alawus". Abin da ya manta shi ne albashin zamani yana barin sawu. Ana iya cewa ya kawo takardar albashi ta wata uku. Kuma tun dokar fansho ta 2014, a ma'aikatun da ta shafa ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, masu ɗaukar aiki su ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa; duk mai kalkuleta da ya ga takardar asusun zai kintaci gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na albashi kuwa har da rasit. Ƙanensa Mai Rantsuwa ya fi shi saurin tonuwa, don tun ba a musa ba ya fara wallahi tallahi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Gaskiya Tsirara. Ya faɗi dubu 45 ɗinsa cif, ya ƙara da cewa yana bin tsohuwar ma'aikatarsa bashin wata uku, mai gidan haya kuma ya ba shi notis. Sai a ɗora masa dubu 5, ya fita yana godiya. Gaskiyarsa ba laifi ba ce. Ma'aunin ne ya lalace. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira dubu 30 a 2019 zuwa dubu 70 a 2024, an cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Albashin da aka yanka wa mutum kafin wannan guguwa labarin wata kasuwa ne da ta riga ta watse. Kusa da shi akwai Mai Kunya, wanda ke sunkuyar da kai kamar a gaban suruki yana cewa, "Duk abin da kuka bayar, ranka ya daɗe, Allah ya sa albarka." Masu intabiyun kuwa ba sa musu, sai su ba shi duk abin da suka ga dama.

Amma akwai wani a ɗakin da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato Oga Mai Rufe Aljihu. Ya san abin da aka ware wa kujerar tun kafin a buga talla, amma tallar ta ce "albashi mai tsoka" ta yi shiru. Zai ce yana tambaya ne don ya san matsayin mutum. To, takardun shaida da jarrabawa da wasiƙar tsohon ubangida me suke yi? Tsohon albashi ba ya nuna ƙwarewa. Abin da yake nunawa shi ne yadda wani ya taɓa samun mutum da araha. Shi ya sa jihar Masacusets ta Amurka ta yi dokar hana wannan tambaya a 2016, Kalifoniya ta bi sahu daga 2018, Tarayyar Turai ma ta sa hanin cikin dokarta ta 2023. Dalilinsu kuwa mata ne musamman: wadda aka taɓa tauye wa albashi sau ɗaya, tauyewar kan bi ta ofis zuwa ofis har ta yi ritaya.

Wani zai ce tunda tambayar tarko ce, ai ƙarya a kanta kariyar kai ce. Ban yarda ba, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da raba gardamar a babin ciniki. Akwai musawama, inda mai kaya ke faɗin farashinsa ba tare da ya bayyana yadda ya saro ba, kuma halal ne. Akwai murabaha, inda yake faɗin uwar kuɗi, kuma idan ya faɗa dole ya faɗi gaskiya, don ciniki ne na amana. Mai neman aiki yana da damar zaɓar na farko. Wannan ita ce hanyar Mai Kwana, wanda ke murmushi ya ce, "Yallaɓai, albashin can na aikin can ne. Nawa kuka ware wa wannan?"

Na sani, irin wannan amsa ta fi sauƙi a bakin wanda yake da wani aikin a hannu. Inda mutum ɗari ke layi kan kujera ɗaya, Oga na iya rufe fayil ya ce a shigo da na gaba. Wanda mai gidan haya ke bi zai faɗi adadin, ba makawa. Sai dai yana iya faɗinsa da duk alawus ɗin da takarda za ta tabbatar, ya ambaci shekarar da aka yanka shi, ya ɗora abin da yake nema a kai, ya kuma bar zancen notis a gida.