Labarinka Ya Yi, Allah Ya Ƙara Basira

Tun da shirin Izzar So ya fara fitowa a tashar Bakori TV ya cika wayoyin jama'a, samarin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka daina barci. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: in sunan Bakori, da ke nan kusa da mu, ya kai har Kanawa suna jiran sabon kashi, mu me aka fi mu? Yanzu da wuya ka zauna teburin mai shayi ba a samu mai labarin fim a aljihu ba.

Masu sana'ar rubutun fim suna da wata ƙa'ida. Kafin ka ɓata takarda, ka faɗi labarinka cikin jimla ɗaya: wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai wanda ya kafa ta bai san mu ba. Mu gaisuwa kaɗai ta cinye jimla goma sha.

Saurayi zai matso kusa da kai, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Yaya, ka rantse ba za ka kai wa 'yan Kano ba." Ka rantse. Sai ya buɗe sirrin: wani yaro ne talaka yake son 'yar mai kuɗi, sai uban ya hana, sai aka gano ashe yaron ɗan sarki ne, sai kishiyar uwar ta je wurin boka, sai mota ta kaɗe shi ya manta kowa, sai, sai, sai. Shayinka ya huce, an kira Isha'i, bai kai ga auren ba. A ƙa'ida dai jimla ɗaya ce, tunda har yanzu bai sa aya ba.

Amma ba shi ne abin kallon ba. Masu ba da shawarar su ne.

Akwai mai yabo, shi ya fi yawa. Tun kafin yaro ya rufe baki ya ce, "Ma sha Allah! Ƙanena, wannan in ba Ali Nuhu ba, ban ga mai iya ɗaukarsa ba. Allah ya ƙara basira." Rabin labarin bai ji ba, hankalinsa na kan ƙwan da ake soya masa. Yaro na ba da baya sai ya dubi na kusa ya ce, "Ɗan gidan wane ne wannan? Da ya koma gona ya fi masa." A wurinmu "Allah ya ƙara basira" addu'a ce, amma kuma hanya ce ta sallamar mutum ba tare da an ɓata zumunci ba. Kara muke kira, ko da yake wanda aka yi wa karar shi zai biya kuɗinta daga baya.

Sai mai "da ni ne". Shi ba gyara labarinka zai yi ba, nasa zai ɗora a kan naka. Ka zo da labarin manomi da rigimar iyakar gona, ka tashi da tagwaye da aka raba tun suna jarirai. Kusa da shi akwai wanda duk abin da ka faɗa ya riga ya gani a fassarar fim ɗin Indiya. Ko labarin kakarka ka ba shi, zai ce maka Amitabh ya yi tun kafin a haife ka.

Dattijo kuma tambayarsa ɗaya: "To ina darasin?" Hukumar tace fina-finai ta Kano an kafa ta a 2001, amma reshenta mafi zafi yana kan tabarmar ƙofar gida, ba albashi, ba hutu. Sai ka yi alkawarin mugu zai makance ko ya haukace kafin ƙarshe, sannan Baba ya sa albarka.

Wanda na fi jin daɗinsa shi ne Alhaji, wanda ya sayar da masara ya samu rara har ake sa ran zai zuba jari. Zai saurare ka yana danna carbi, ya ce, "Ya yi. Waƙa nawa?" Tun zamanin fim ɗin Sangaya, Alhaji ya yanke hukuncin cewa labari shi ne abin da ake cike gurbi da shi tsakanin waƙa da waƙa. Kana shirin tashi kuma zai tuna akwai wata 'yar ƙanwar matarsa, yarinya mai natsuwa, ko za a duba mata wuri. Ba babba ba. Jarumar kawai.

In Allah ya kai ka gaban wanda ba ɗan yankin ba, da ya ji ka ce Faskari ko Ƙanƙara, shawararsa a shirye take: a sa 'yan bindiga. Kamar mutanen nan ba sa aure, ba sa faɗan gado, ba sa dariya a ranar kasuwa. Abin da ya same mu ya same mu, kuma ba abin raha ba ne, amma ba shi kaɗai ne labarinmu ba.

Can a ƙarshen benci akwai mutum ɗaya da ya saurara tun daga farko. Shi ne zai ce a hankali, "Ƙanena, ban gane abin da yarinyar take so ba. Kowa yana sonta, ita me take nema? Kuma in yaron bai aure ta ba, me zai faru?" Wannan ita ce kaɗai maganar da za ta amfani labarin a duk daren. Sakamakonta kuwa gaba. Kafin gari ya waye an rubuta a WhatsApp cewa mahassada sai dai su mutu. Manya su shiga tsakani, su ce wa mai gaskiyar, "Kai ma ai da ka ƙyale shi, yaro ne."

Alhali gyara ba baƙo ba ne a rubutun Hausa. A 1933, da Bature Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya aika da Ruwan Bagaja. Gwada shi da ƙa'idar nan ka gani: jarumin littafin, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, shi da Malam Zurƙe suna ta ƙulla wa juna sharri a hanya. Numfashi ɗaya ya isa. Daga baya Imam ya zauna da East a Zariya, ana rubutu ana gyarawa, aka samu Magana Jari Ce. Da a majalisarmu aka yi, da tuni an ce Bature ne ke masa baƙin ciki.

Shi kuwa saurayinmu, da yabo ya cika masa ciki, sai ya sayar da buhu biyu na rabonsa, ya hau mota ta Funtuwa zuwa Kano, ya nufi titin gidan Zu inda ofisoshin 'yan fim suke. A can ma Hausawa ne, su ma sun iya kara. Za a karɓi lambarsa, a ce za a neme shi. Ya dawo gida yana cewa labarin ya girgiza su, mai yabo ya roƙi a sa shi ko a mai gadi ne.

Wata uku, wata shida, waya shiru. Sai majalisa ta zauna bincike, kuma ba ta daɗe ba ta gano dalili: wancan na ƙarshen benci ne ya yi wa labarin baki.