Sabuntawar da ta mai da ni ɗan aike

Shekara 3 ina tace sauti da wata manhaja, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ranar Alhamis ta ce akwai sabuntawa, ni kuma da zumuɗi na amsa mata. Tun daga nan ta koma amarya mai jan aji: in danna, tambarinta ya leƙo, ya yi daƙiƙa biyu, ya koma ɗaka. Ga hirar minti 40 da wani dattijo mai tari a kowace jimla, ga shiri ƙarfe 7 na yamma.

Na kashe kwamfuta na kunna sau uku, kamar mai alwala. Na goge manhajar na sake saukewa har datata ta ƙare. Shiru. Ashe goge manhaja ba ya tafiya da fayil ɗin saituna. Yana nan laɓe a wata ɓoyayyar folda, sabuwar ta shigo ta tarar da uwargida.

Yaron da nake aike sayen shayi ya ce, "Oga, ɗan matsa." Ya sauya wa foldar suna, ya ciro wani tsohon fulogin mai 32-bit da na manta da shi, wanda manhajar ke tuntuɓe da shi duk lokacin da take ƙirga kayanta kafin ta buɗe. Ta buɗe tar, ko kunya babu.

Yanzu ni ke sayo shayin. Kai kuma, in sabuntawa ta yi sallama ranar da kake da shiri, ce mata maigidan ba ya nan.