Tseren Mota da Kwamitin Abinci

Tun da labari ya bazu a 2025 cewa Najeriya ma tana neman a kawo gasar Formula 1 Abuja, samarin majalisar shayi a Cheberu suka kammala rabon muƙamai. Ba a ce an ba mu ba, ba a ko share filin ba, amma har an yi gaba a kan wanda zai riƙe kwamitin abinci. Tuƙi kam babu wanda ya nema. Motar da ke wuce kilomita 300 a awa guda, a bar wa su Lewis Hamilton, mu muna da iyali. Abin da ake so shi ne katin nan da ake ratayawa a wuya, wanda ɗan sanda ke hangowa ya kauce daga ƙofa.

Ruwanda ta riga mu kai ƙoƙon bara, domin tun Disambar 2024 Paul Kagame ya bayyana nasa burin. Afirka ta Kudu na son a koma Kyalami, inda aka yi tseren ƙarshe a nahiyar nan a 1993. Su can ana ta lissafin kwalta, otal da filin jirgi. Mu nan an tsaya a kan launin anko.

Wani ɗan ƙanwata ya je Birnin Kebbi an buga masa takardar neman aiki, an sa masa suna ƙwararren mai tsara manyan taruka. Na karanta ayyukan da ya taɓa yi: ya jera kujerun roba a walimar sauka, ya riƙe lasifika a kamfen ɗin kansila, ya tsare tukunyar nama a auren yayarsa. Na ƙarshen nan ba na raina shi, wanda ya taɓa tsare nama daga dangin ango ya san tsaro.

Na ce, "To ɗana, ina za ka aika ta?"

Ya ce, "Kawu, ai ba aikawa ake yi ba. Ba ka da kowa a Habuja?"

Ashe ya riga ya shata hanya. Ni zan gaya wa wani malamin makaranta a Gwandu, shi ya gaya wa surukinsa a Kalgo, surukin ya yi magana da direban wani Alhaji, Alhajin kuma sun taɓa yin Umara da wani darakta. Tseren da aka fi ƙwarewa a kai ke nan, kuma ba ya cin fetur, goro kawai yake ci.

Kada dai a ɗauke mu ƙauyawa. Tseren mota ba baƙo ba ne a Kabi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, yana da nasa, kuma da aka farfaɗo da bikin a Maris ɗin 2020 daga Abuja motocin suka taso har Argungu. Maƙwabtanmu na Nijar sun sha ƙurar gasar Dakar a Agadas da saharar Tenere, kafin matsalar tsaro a Muritaniya ta sa a soke ta 2008, ta yi ƙaura, yanzu tana Saudiyya. Sai dai giwan ruwan Argungu yana da haƙuri. Zai zauna a kogin Matan Fada har manya su gama jawabi, masunta na tsaye da homa da gora. Formula 1 ba ta san wannan ladabin ba. Fitilu biyar ne jajaye, suna mutuwa an tashi, ko da mai girma babban baƙo yana wanka.

Ku kwatanta ranar a hannunmu. An sa ƙarfe biyu, ƙarfe huɗu mai gabatarwa yana cewa babban baƙo yana kan hanya, direbobi na gasuwa cikin hular kwano. Galibi tseren duka kilomita 305 ne ko sama kaɗan, ba ya kai awa biyu. Mai gabatarwarmu kuwa a awa biyu bai gama da sarakuna ba, balle ya gangaro kan tsofaffin kwamishinoni, kuma duk wanda aka tsallake zai aiko da 'yar takarda. In Allah ya sa an tashi, a zagaye na uku ayarin babban baƙo zai shigo titin da jiniya, ta hannun da ba nasa ba.

Wurin canjin taya ne ya fi ba ni tausayi. A can mutum kusan ashirin ke rufar wa mota, su sauya ƙafa huɗu kafin ka ce kwabo. 'Yan McLaren sun yi shi cikin daƙiƙa 1.8 a Katar a 2023. Namu bakaniken sai ya fara da "Sannu da hanya, ya gajiya, ya aka baro mutan gida?" Sannan ya aiki yaro aron sifana. Kafin yaron ya dawo ya kasa kunne ya ji injin, ya girgiza kai, ya ce wannan motar kwana za ta yi. Direba na ƙoƙarin ficewa, ga maroƙi ya tare gaba yana kirarin kakansa.

Abu ɗaya ne ba za mu sha wahala ba. A Bahrain da Saudiyya ba a fesa giya a dandamalin nasara, wani abin sha marar maye ake fesawa. Mu ga zoɓo, ga kunun zaƙi. Matsalar kawai ita ce kwamitin abinci ya riga ya loda su a but ɗin motar shugabansa tun kafin azahar.

Na yi ƙoƙarin yi wa majalisa bayanin ainihin aikin. Akwai masu tsayawa a kowace kwana da tutoci, rawaya in akwai haɗari, ja in an tsayar da tsere. Akwai masu kashe gobara, likitoci, da jirgi mai saukar ungulu a ɗaure. Na ƙara da cewa masu tutocin nan galibinsu 'yan sa-kai ne, su wuni a rana kwana uku, ba alawus. Nan take mutum huɗu suka tuna suna da ban ruwan albasa. Shugaban kwamitin abinci ya kurɓi shayi ya ce, "To Malam, su Turawan nan, wa ke ba su hayar rumfa da kujeru?"