Pabe Ya Shigo Gari, Ɗan Kwangila Ya Fita

A da, in ana son a san nauyin mutum a Arewa, rumbunsa ake dubawa. Daga baya aka koma kallon kwanon rufi, sannan katangar bulo da ƙofar ƙarfe mai fenti. Yanzu kuwa ƙasa ake kallo. A sababbin unguwannin Dogon Dutsi maigida bai cika maigida ba sai ya shimfiɗa pabe, wato duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa, daga bakin hanya har inda mota take kwana. Wanda bai sayi motar ba tukuna ma bai yarda a bar shi a baya ba. Ya shimfiɗa nasa, ya ɗaure tunkiya a kai, yana jiran Allah ya kawo mai ƙafa huɗu ta roba.

Tun bikin 18 ga Disamba na 2014, wanda aka yi wa laƙabi da Dosso Sogha, lokacin da aka yi wa Dosso, babban birnin jiha, kwalliya, mutanenmu suka je suka ba idonsu abinci, suka dawo da shawara a zuci. Masu zirga-zirga Yamai da Kwatano da Legas suka ƙara wa wutar itace. Kuma ba laifi ba ne. Duk wanda ya taɓa tura babur cikin rairayin Dallol Mawri da tsakar rana ya san daɗin taka wuri mai tauri. Inda gizo ke saƙa shi ne, pabe ba ya shimfiɗa kansa. Sai da ɗan kwangila.

Yadda muke zaɓen ɗan kwangila kuwa abin a koyar ne a jami'a. In za mu sayi rago, sai mun buɗe bakinsa, mun taɓa gadon bayansa, mun sa ya yi tafiya mun gani. In za mu ba da aikin miliyan, tambaya ɗaya ce: ɗan wa ne? Da zarar an ce ɗan ƙanwar uwargida ne, bincike ya ƙare. Shaidar ƙwarewarsa tana cikin salula: hotunan gidaje masu hawa uku da bishiyoyin kwakwa a gaba, wanda kowa ya san kwakwa ba ta fitowa ko a Dumega, balle Dogon Kiriya. Ya tsuguna, ya cire takalmi, ya ce, "Baba Alhaji, wanga aiki in na gama shi, ko tirela ta hau, sai dai tayarta ta ji ciwo."

Sai a shiga ciniki. Yaro ya ce aikin zai ci tan biyu na siminti, buhu arba'in ke nan, ban da yashi da tsakuwa da ladan leburori. Alhaji ya kama baki, ya yi salati, ya tuna masa cewa shi ya yanka ragon sunansa. Aka ja, aka ja, har kuɗi suka dawo rabi. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Don kai ne, Baba." Alhaji ya shiga gida yana ba iyali labarin yadda ya ci riba. Bai tsaya ya tambayi kansa daga ina rabin da ya zaftare zai fito ba. Ba daga aljihun yaro zai fito ba, wannan kam tabbas. Daga cikin kwaɓi zai fito. Buhu arba'in ya koma ashirin, yashi ya cike gurbin sauran, tun da shi yashi a nan ba a yi masa rowa. Hausawa sun riga sun gama magana: araha ba ta ado.

Ranar da aka miƙa kafin alƙalami, ka ce sallah ce. Leburori goma, baro huɗu, amalanke na sauke yashi, ƴan ga-ruwa na kai da kawowa. Aka haƙe ƙofar gida tas, ta yadda mai shiga sai ya tattare riga ya yi tsalle. Wannan haƙar ita ce sa hannu a yarjejeniya, domin daga ranar Alhaji ba shi da damar fasawa. Washegari leburori suka zama biyar. Rana ta uku saura wani yaro guda da shebur marar ƙota, shi ma jiran kuɗin jiyansa yake yi.

Daga nan sai farauta ta waya. Layinsa na Airtel a kashe, na Zamani yana hannun ƙaninsa, na Moov kuwa wata mata ce ke ɗauka ta ce ba ta san mai wannan suna ba. In Allah ya sa ka dace, sai ka ji murya a raunane: "Baba, ina Matankari, ƙanin kakata ya rasu." Ka yi masa gaisuwa. Sai sadakar uku, sai ta bakwai. Kafin ta arba'in an yi haihuwa a Kore Mai Ruwa, an ɗaura aure a Ɗankasari, babur ya lalace a hanyar Sukukutan. Mutum guda ya zagaye gundumar Dutsi da ta Tibiri kaf, bai bar wata ƙaramar hukuma ba, alhali ɗan majalisa ma sai lokacin zaɓe yake irin wannan rangadi. In ka matsa, sai ya ce, "Alo? Alo? Rezo ba shi da kyau." Amma duk lalacewar rezo, kalma ɗaya tana fita tangaram: a turo ciko ta Nita ko Amana. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne, kuɗinka suna can suna ƙarasa aikin wani Alhajin da ya biya bara, naka kuma yana jiran Alhajin baɗi.

Da ruwan shuka ya sauka, magana ta mutu gaba ɗaya. Lebura a nan manomi ne da ya zo cin rani a garinsu. Ranar da ƙasa ta jiƙe, ko jika goma ka ɗora masa a tafi, gonar gero da wake zai nufa, kuma shi ke da gaskiya. Kowa ya san wannan tun yana goye, amma kullum sai a watan Mayu muke tuna muna son pabe.

Alhali aikin ba sihiri ba ne. A kwashe ƙasar sama mai laushi. A zuba jar ƙasa mai tsakuwa, a jiƙa ta, a daɓe ta da inji har ta ƙi karɓar sawu. A shimfiɗa yashi mai kaurin yatsu biyu. A ɗaure gefe da gefe da kankare don kada duwatsun su watse. A karkatar da shimfiɗar kaɗan, wajen santimita 2 a kowace mita, ruwa ya samu hanyar fita. Inda ƙafa za ta taka, pabe mai kaurin santimita 6 ya wadatar. Inda mota za ta hau, sai mai 8. Shi kansa dutsen da aka buga, siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, kuma makon farko ruwa yake so safe da yamma, a inuwa. Iyayenmu mata ba su san santimita ba, amma da madaɓi da ruwan makuba suke daɓe ɗaki ya yi shekaru ba tsaga, don sun san sirrin yana cikin duka da haƙuri. Na zamani ya buga dutse ranar Litinin, ya shanya shi a tsakar rana, ya jera shi ranar Laraba bisa rairayin da akuya ce kaɗai ta daɓe shi da kofato.

A nan ma kada mu ɗora wa yaro kaya shi kaɗai, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ce a gama kafin Juma'a saboda ɗaurin auren ɗiya? Alhaji. Wa ya ce ruwan ban-siminti ya yi yawa, ƴan ga-ruwa sun cinye shi? Alhaji. Wa ya sa aka shigo da kamiyo shaƙe da buhunan gero har ƙofar zaure, kwana biyu da gama aiki, don maƙwabta su ga kaya su ga pabe a kallo ɗaya? Shi ne dai. Tirelar da aka yi wa alkawarin jin ciwo ta fita lafiya lau, ta bar layi biyu a ƙasa don tarihi.

Sannan babban mai duba aiki ya iso, wanda ba ya karɓar goro, ba shi da ƙanwar uwa a gidan kowa: ruwan Agusta. Dutsi gari ne da ke zaune a gindin tuddai. In sama ta saki, ruwa na gangarowa ta koramu da ƙarfinsa, ya ratsa unguwanni yana neman tafki. Sai da aka shafe shekaru ana jera shingayen duwatsu a kan gangara, tare da abokan ƙawance na garin Orsay na Faransa, don a rage masa gudu. Ruwan da ya sa gari guda ya tashi tsaye, shi ne ɗan kwangilarmu ya tara da buhu ashirin. Dare ɗaya ya shiga ta gefen da ba a ɗaure ba, ya kwashe yashin ƙasa, ya bar duwatsu wani ya nutse, wani ya ɗaga kai, wani ya bi ruwa ya koma maƙwabta, abin ya zama kamar haƙoran tsoho. Karkatar da aka ce a yi kuwa an yi ta, sai dai zaure ta fuskanta.

In aka samu kama yaro a tasha, a nan za ka san Allah ya yi masa baiwar magana. Laifin siminti ne: na Malbaza aka sayo, da na Sakkwato ne da ba haka ba. In na Sakkwato aka sayo, to ya sha iska a hanya. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya suka yi tsada, cewa ya yi tsadar siminti ce ta sa ya rage hannu. Da gwamnati ta karya farashi a Oktoba 2024, bayan ambaliyar wannan shekara, har tan guda ya dawo jika 55 a Yamai, sai ya ce ai tun da abu ya yi araha dole ƙarfinsa ya ragu. In duk wannan bai shiga ba, sai ya rage murya, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Baba, wurin ga hanyar mutanen ɓoye ce, ba su son a toshe musu." To, mu Arawa ba a koya mana zancen iskoki. Amma ka ce masa ku tafi Lugu a tambayi dutsen Tunguma inda buhu ashirin suka shiga, nan take zai tuna shi almajiri ne, ba ruwansa da al'adun da.

Alhaji ya fusata, ya rantse sai komisariya. Kafin ya sa hula, uwargida ta fara kuka, surukai sun cika zaure, liman ya iso da carbi. "Haba Alhaji, ɗanka ne fa. Abin duniya ne zai raba zumunci?" Aka yi fatiha, aka ce ƙaddara ce. Kuma hukuncin da aka yanke shi ne wanda ake yankewa kullum: yaro zai gyara, amma Alhaji zai taimaka masa da kuɗin siminti. Wato wanda ya ɓata aiki ya samu sabuwar kwangila, da sabon kafin alƙalami, da addu'ar dattawa a kai. A wace sana'a ce kuma ake samun irin wannan albarka?

Gaskiya ɗaya ce, akwai magina na ƙwarai a Dutsi da Tibiri, masu tsoron Allah, masu aiki da igiya da ma'auni. Ba a cika jin sunansu ba saboda suna faɗin farashin gaskiya, mu kuma mu ce sun cika tsada, mu wuce wurin mai daɗin baki. Akwai kuma waɗanda suka gama aiki tsaf, suka shekara suna sintiri ƙofar mai gida ana ce musu Alhaji na barci. Magini da aka cinye wa ciko sau biyu, karo na uku tun daga buhun farko zai fara cire haƙƙinsa. Mu muka horar da shi, sannan mu zauna a fada muna shan shayi muna cewa amana ta ƙare a duniya.

Gwamnati, duk da abin da ake faɗa a kanta, a takarda ta san maganin abin. Ba ta biyan ɗan kwangila duka a tashi ɗaya. Tana riƙe kashi 5 cikin 100, ta karɓi aiki karɓar wucin gadi, sai ya shekara lafiya sannan ta yi karɓar ƙarshe ta saki sauran. Mu ma ba sai mun je wata makaranta ba: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Muna jin ta kowane tafsirin azumi, muna gyaɗa kai, amma mu ga rubuta takarda da ɗan'uwa rashin kunya ne.

Don haka mai niyyar pabe, ga shawara kyauta. Ka je ka ga aikin da mutum ya yi wanda ya ci damina biyu, ka taka shi da ƙafarka, ka gaisa da mai gidan. Ka sayi simintinka da kanka, a buɗe kowane buhu a gabanka ko gaban wanda ka yarda da shi. Ka fara aiki bayan girbi, lokacin da leburori suke gari. A rubuta adadin buhu da kaurin dutse da ranar gamawa, shaidu biyu su sa hannu. Ka biya kashi-kashi, ka riƙe wani abu sai Satumba ta wuce, in ta wuce lafiya kuma ka biya bawan Allah haƙƙinsa ba tare da ya yi maka zarya ba. Wanda ya ga ba zai iya wannan da ɗan ƙanwar matarsa ba, to ya ba yaron kuɗin kyauta, ya samu lada, ya nemi magini a wani gida.